Dare Ɗaya Cikin Shekara Ashirin: Rainon Konifar Ƙasar Ɗumi A Inda Sanyi Ke Da Sauƙi

Idan watan Disamba ya kama a Turai da Amurka, akwai wata 'yar bishiya da ake yawan gani a tukwane, ana sayarwa don ƙawata ɗaki. Kore ce shar, rassanta sun fito hawa-hawa a kewayen gangar jikinta, kai ka ce da igiyar awo aka jera su. Bishiyar Norfolk ke nan, wadda masana tsirrai ke kira Araucaria heterophylla. A falo tsayinta bai wuce na yaro ba, amma a tsibirinta na asali takan miƙe mita 50, wani lokaci har 60. Wanda ya yi shekara biyar ko shida yana ba ta ruwa, ranar da ya ga kanta ya fara gogar rufin ɗaki, dole tunani ɗaya ya zo masa: shin in fitar da ita waje in dasa a ƙasa?

Mai zama inda dusar ƙanƙara ke kwana wata uku a ƙasa, maganarsa ba ta da tsawo, kada ma ya soma. Mai zama a tsibirin Madeira ko gaɓar kudancin Fotugal shi ma ba ya buƙatar shawarar kowa, ya haƙa rami kawai. Wanda abin ke ɗaure wa kai shi ne na tsakiya, mutumin kudu maso yammacin Ingila, ko gaɓar Ailan, ko yammacin Sikotlan, ko bakin tekun arewa maso yammacin Faransa, ko kudancin Niyu Zilan. A waɗannan wurare hunturu ba ya tsanani, lokacin zafi kuma bai cika amsa sunansa ba. Yayyafi ne da hazo da iska, ciyawa kore daga Janairu har Disamba. Sai mutum ya shekara uku bai ga ruwa ya daskare a bokiti ba, ya fara ganin kamar komai ya dasa zai kama.

Konifa dai sunan babban dangi ne na bishiyoyin da ba sa fure. Irinsu yana ɓoye cikin wani dunƙule mai ɓawo-ɓawo, ganyensu galibi siriri ne kamar allura ko mai kaifi kamar ƙaya, kuma yawancinsu ba sa kakkaɓe shi da hunturu. Da an ambace su, dazuzzukan Sibiriya da Kanada ke faɗo wa mutum a rai, inda wasu ke jure digiri 50 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Wannan sunan da dangin suka yi shi ke yaudarar masu lambu da yawa, su ɗauka duk mai ganyen allura ɗan sanyi ne. Alhali akwai reshen dangin da ya yi miliyoyin shekaru a kudancin duniya da tsibiran Fasifik, wasu daga cikinsa ko raɓa ba su taɓa ganin ta daskare ba.

Abin da nake ganin ya kamata a fara warwarewa shi ne kalmar nan "ƙasar ɗumi". Kalma ɗaya ce, amma gidaje daban-daban ta ƙunsa, kuma gidan da bishiya ta fito shi ke faɗa maka halinta, fiye da inda ƙasarta ta faɗo a taswira.

Ɗauki ita Norfolk ɗin. Tsibirinta ɗan mitsitsi ne, murabba'in kilomita 35 ko kusa da haka, kimanin kilomita 1,400 gabas da Ostireliya. Kyaftin James Cook ya iso shi a 1774, ya ga dogayen itatuwan nan a miƙe ƙyam, ya yi zaton an samu abin da za a riƙa kafa wa jiragen ruwa filafilai. Daga baya aka gane katakon bai dace da aikin ba. Teku ya kewaye tsibirin ta ko'ina, ya danne masa zafi ya kuma danne masa sanyi: da wuya zafi ya haura digiri 28, sanyi kuwa ba a san ya sauka ƙasa da digiri 6 ba. Bishiyar da ta tashi a nan ba ta neman rana mai ƙuna. Shi ya sa za ka gan ta ta yi girma a San Faransisko, birnin da tsakiyar lokacin zafinsa da ƙyar yake haura digiri 20, ka gan ta ta zama katafariya a lambunan Ponta Delgada da ke tsibiran Azores. Iskar teku mai gishiri ma ba ta dame ta ba, har jera ta ake yi a bakin gaɓa. Ƙanƙara ce kawai ba ta san ta ba. Digiri 2 ko 3 ƙasa da sifili sun isa su ƙone mata sabon toho, idan kuwa ya kai 5 ko 6 ya kuma ɗauki sa'o'i, ƙaramar bishiya da wuya ta tashi.

Sai 'yan tudu. Duk mita 1,000 da ka hau, iska na rage ɗumi da kusan digiri 6 da rabi, saboda haka bishiya na iya zama maƙwabciyar dazuzzukan zafi a taswira amma ta saba kwana cikin jaura. Araucaria angustifolia ta tsaunukan kudancin Barazil, a jihohin Paraná da Santa Catarina da Rio Grande do Sul, tana shan daskararriyar raɓa kusan kowace shekara, a wurare irin su São Joaquim har dusar ƙanƙara kan sauka mata. Haka Pinus patula ta tsaunukan Meziko, mai dogayen ganye masu zubowa ƙasa kamar gezar doki, wadda ke rayuwa lafiya a lambunan da ba su da tsananin sanyi a Birtaniya da Ailan. Sai dai sanyin da waɗannan suka sani gajere ne: ya sauko da asuba, kafin hantsi rana ta kore shi. Kwana huɗu a jere ba tare da ƙasa ta narke ba, wannan baƙon abu ne gare su.

Bishiyar Wollemi, Wollemia nobilis, labarinta daban ne. Sai a 1994 wani ma'aikacin gandun daji, David Noble, ya ci karo da ita a wani kwazazzabo mai zurfi a gandun Wollemi, kimanin kilomita 150 arewa maso yamma da birnin Sidni. Kafin nan a jikin duwatsu kawai aka san burbushin irinta. Manyanta da suka rage a daji ba su kai 100 ba. Da aka fara sayar da 'ya'yanta ga jama'a a 2006, an ce tana jure daga digiri 5 ƙasa da sifili zuwa 45 sama da shi, sai ga shi a wasu lambuna ta tsallake sanyin da ya kai 12 ƙasa da sifili. Idan ka matsa kusa da ita a ƙarshen kaka za ka ga dalili. Kan kowane tsiro ya lulluɓe da wani farin danƙo mai kauri kamar an ɗiga masa kakin kyandir, wani lokaci da ɗan jan zare-zare a jiki. A cikin wannan hula tohon ke kwana har hunturu ya wuce, sannan ya fasa ta ya fito, kore mai haske, laushi kamar ganyen da aka jiƙa. Bishiyar da ke ɗinka wa kanta hula ta san sanyi tun kaka da kakanni. Yau ana rainonta a fili har a lambun Inverewe da ke can arewacin Sikotlan.

Kauri na Niyu Zilan, Agathis australis, shi ma yana da abin koyarwa, a taƙaice. A daji ba a samunsa sai a arewacin ƙasar, amma waɗanda aka dasa da hannu suna rayuwa can kudu nesa da iyakarsa, sai dai girman a hankali yake. Wato iyakar da bishiya ta tsaya a daji ba kullum ita ce iyakar juriyarta ba, wani lokaci gasa da wasu itatuwa ko tarihin ƙasa ne ya tsayar da ita a nan.

To, mu koma kan shi wurin da za a dasa. Tsibiran Scilly, kilomita 45 daga ƙarshen kudu maso yammacin Ingila, nisansu daga ikwaita kusan ɗaya ne da na birnin Winnipeg a Kanada. A Winnipeg matsakaicin yanayin Janairu yakan kai wajen digiri 16 ƙasa da sifili, a Scilly kuwa wajen 8 sama da shi. Bambancin duk aikin teku ne: ruwan ɗumi da ke ratso Atlantika daga yankin Tekun Meziko, da iskar yamma da ke ɗauko ɗuminsa ta shimfiɗa a kan gaɓa. Da wannan ɗumin aro wani Bature, Augustus Smith, ya fara lambun Tresco, ɗaya daga cikin tsibiran, bayan ya karɓe su haya a 1834. Ya gina katangu, aka dasa jerin itatuwan Monterey, wasu konifa daga gaɓar Kalifoniya, don tare iska, a bayansu tsirran Afirka ta Kudu da Ostireliya da Niyu Zilan suka bunƙasa a fili, har da bishiyar Norfolk. Shekaru suka yi ta wucewa lafiya. Sai a Janairun 1987 iska ta juyo daga gabas, ta kawo sanyin tsakiyar Turai, dusar ƙanƙara ta sauka, ma'auni ya kai wajen digiri 8 ƙasa da sifili. Cikin 'yan kwanaki kaso mai yawa na tsirran lambun suka mutu, ciki har da waɗanda suka girmi duk masu kula da su. Ba a gama farfaɗowa ba, guguwar Janairun 1990 ta tumɓuke da yawa daga itatuwan da ke tare iskar.

Wannan shi ne zuciyar maganar, kuma a nan ne taswirar juriyar sanyi ke ruɗa mutane. Ma'aikatar Gona ta Amurka ta fara fitar da tata a 1960, yanzu kuma masu lambu a ƙasashe da yawa da lambobinta suke magana. Yadda ake lissafin: a ɗauki dare mafi sanyi na kowace shekara, a tara na shekaru da yawa, a fitar da matsakaici. Shiyya ta 9 ita ce inda matsakaicin ya faɗo tsakanin digiri 6.7 da 1.1 ƙasa da sifili, shiyya ta 10 kuma daga nan zuwa 4.4 sama da sifili. Abu ne mai amfani, ban raina shi ba. Amma matsakaici ba ya kashe bishiya. Dare guda ne ke kashe ta, kuma daren nan a cikin matsakaici narkewa yake yi ya ɓace. Mai shuka furen da zai mutu bayan wata shida bai damu ba. Mai dasa konifa kuwa da shekaru arba'in ko ɗari yake hulɗa. A ce akwai sanyin da ke zuwa sau ɗaya cikin shekara 20. Yiwuwar ya faɗo cikin shekara 10 na farko kusan 40 cikin ɗari ne. Cikin shekara 40, ta kai 87 cikin ɗari. Saboda haka kafin a tambayi lambar shiyya, a tambayi tsofaffin unguwa da bayanan tashar yanayi mafi kusa: me ya faru a hunturun 1962 zuwa 1963, me ya faru a 1987, me ya faru a Disambar 2010, wadda Birtaniya ta yi shekara ɗari ba ta ga mai sanyinta ba?

Yadda ƙanƙara ke kisa ya cancanci a tsaya a kansa, don daga nan sauran dabarun ke fitowa. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin halittar ganye shi ke fara daskarewa, domin ya fi na cikinsu tsarki. Da ƙanƙara ta kafu a nan sai ta riƙa zuƙo ruwa daga cikin ƙwayoyin, suna motsewa, tantaninsu na tattarewa. Ƙishirwa ce ke kama ganyen, yana tsakiyar ruwa. Bishiyar da ta iya sanyi tana shiri tun da wuri. Da ta ji rana na gajarcewa, dare na ƙara sanyi, sai ta daina girma, ta tara sukari a cikin ƙwayoyinta, ta sauya irin kitsen da ke tantaninsu don ya jure lanƙwasa, sabon reshe kuma ya ƙosa ya zama itace. Shirin nan makonni yake ɗauka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ne sauƙin yanayi ke zama tarko. Inda lokacin zafi ba shi da ƙarfi, tohon da ya fito a Mayu yakan kai Satumba bai gama ƙosawa ba. Kaka kuma ta zo da ɗumi da ruwa, bishiyar ba ta samu wata alamar tsayawa ba, sai ta ci gaba da fitar da ɗanyen tsiro har Nuwamba. Abin da ya faru a Birtaniya a 2022 ke nan: Nuwamba ta yi ɗumi fiye da yadda aka saba, farkon Disamba kuma sanyi ya faɗo kwatsam ya zauna fiye da mako guda, tsirrai da yawa da suka sha tsallake irin wannan sanyi a baya suka mutu, saboda ya same su ba shiri. Shi ya sa bishiya iri ɗaya za ta jure digiri 10 ƙasa da sifili a wuri mai rana da busasshiyar kaka, amma 6 kawai ya kayar da ita a wuri mai hazo. Lambar da aka rubuta a jikin tukunya daga wani yanayi aka samo ta, kuma ba lallai ya zama irin naka ba. Ga kuma batun haske. A tsibirin Norfolk ranar da ta fi gajarta tana da sa'o'i 10 na rana mai ƙarfi. A kudancin Ingila 8 ne, rana a kwance can ƙasa, galibi a bayan gajimare. Bishiya mai ganye duk shekara tana numfashi tana cin abin da ta tara, abin da take samarwa kuwa kaɗan ne.

Duk da haka, idan aka tono ƙananan bishiyoyin da suka mutu a irin wannan yanayi, sau da yawa a ƙarƙashin ƙasa ake samun mai laifin. Saiwa na buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. Laka mai nauyi da ta sha ruwa daga Oktoba zuwa Maris, ga sanyi, ga ba rana da za ta busar da ita, shaƙe saiwa take yi. Daga nan sai ƙwayar cutar ruɓa ta samu ƙofa, musamman Phytophthora cinnamomi, wadda 'ya'yanta ke iyo a cikin ruwan da ya kwanta a ƙasa. Ita ce aka gano a mazaunin Wollemi na daji a 2005, 'yar'uwarta kuma ke kashe tsofaffin kauri a Niyu Zilan. Abin takaicin shi ne alamar ba ta bayyana da hunturu. Bishiyar na nan kore har Afrilu. Sai rana ta fara ɗumi, ganye ya nemi ruwa, babu saiwar da za ta kawo, cikin mako biyu ta koma ja. Idan ka ja ta, zarewa take yi ba gardama. Ka murza saiwar tsakanin yatsu, fatar ta saɓule kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ta bar ɗan siririn zare baƙi, ga wani wari mai tsami. Mai lambu zai ɗora wa sanyin watan jiya laifi, alhali tun Disamba aka gama. Maganin ba shi da wuya: a gwada ramin tun kafin dashe, a cika shi da ruwa a lokacin damshi, idan washegari ruwan na nan, wurin bai yi ba. A tara tudu mai faɗi, tsayin taƙi ɗaya ko biyu, a gauraya ƙasar da tsakuwa da ruɓaɓɓen ganye, a dasa a kansa. Zuba tsakuwa a gindin rami mai laka ba ya tsane komai, kwatami kawai aka gina wa saiwar.

Wajen zaɓen gurbi, sanyi iri biyu ne, kowanne da maganinsa. Na farko na daren da sama ta yi garau ne, ba gajimare ba iska. Ƙasa na sakin ɗuminta zuwa sama, iskar da ke dab da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, ta gangara kamar ruwa ta taru a kwari, ko a bayan katanga, ko gindin shinge mai duhu. A irin wannan dare saman ciyawa kan fi inda ake rataye ma'aunin tashar yanayi sanyi da digiri da dama, kuma a cikin lambu ɗaya kusurwa biyu na iya bambanta ƙwarai. Fita da sassafe bayan irin wannan dare, ka dubi inda ciyawa ta yi fari fat da inda ta tsira, ka samu taswirar da ta fi kowace amfani. Gangare ya fi kwari, kuma inuwar dogon itace mai tsirarun rassa tana mayar da ɗumi ƙasa kamar rufi. Na biyu shi ne irin na 1987, wanda iska ke ɗaukowa daga cikin nahiya. Ba ruwansa da kwari ko tudu, dare da rana yake yi, yana busar da ganye alhali ƙasa ta daskare saiwa ba ta iya jan ruwa. Wannan sai katanga ko jerin itatuwa ta ɓangaren gabas da arewa, su ma ragewa kawai suke yi. A arewacin duniya gefen da ke kallon kudu ko yamma ya fi, domin ranar safe da ke faɗa wa daskararren ganye kai tsaye takan ƙara masa rauni.

Sai dai akwai abin da masu ba da shawarar "dasa a jikin bango" ke mantawa. Wannan bishiya ce da za ta fi gidan tsawo. Bangon da ya kare ta tana mita 1 ba zai kare ta tana mita 8 ba, kuma ba wanda ke son irin wannan saiwa dab da harsashin gini. Girma na fitar da ita daga haɗari ɗaya ya shigar da ita wani. Yayin da take tsawo, kanta na barin iskar ƙasa mai tsananin sanyi, ɓawonta na kauri, gangar jikinta na riƙe ɗumi, sanyin daren garau ya daina ba ta tsoro. Amma a daidai lokacin ne ta leƙo sama da katanga, ta fuskanci iskar gabas, kuma ta wuce inda hannu ko tsani zai kai a rufe ta.

Abin da ake tsoro a kai shi ne tsiron ƙoli, wanda ke miƙewa sama. A dangin Araucaria rassan gefe sun riga sun karɓi umarninsu, a kwance za su yi ta tafiya har abada. Ko ka yanki reshen gefe na Norfolk ka kafa shi ya yi saiwa, ba zai taɓa miƙewa ya zama bishiya ba, rarrafe zai yi ta yi. Idan sanyi ya ƙone ƙolin, sai dai gangar jiki ta fitar da sababbi daga ƙasa da raunin, galibi biyu ko uku, kuma tsarin hawa-hawan nan da aka so ta dominsa ya samu tabo. A nan Wollemi ta fi sauƙin hali, don ɗabi'arta ce ta riƙa fitar da sababbin jikuna daga gindi. Tana kuma zubar da reshe sukutum maimakon ganye ɗaya-ɗaya, saboda haka wanda ya ga rassan ƙasa sun yi ja sun faɗo kada hankalinsa ya tashi, muddin sama na toho.

Dashen kansa ba shi da wani sirri mai yawa. A yi shi a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni a arewacin duniya, don saiwa ta samu watanni mafi tsawo kafin hunturu. Bishiyar da ta tashi a ɗaki ko ɗakin gilashi a fara fitar da ita inuwa mako biyu ko uku, in ba haka ba rana kaɗai ta isa ta ƙone ta. Wadda ta kai mita 1 zuwa 1 da rabi ta fi jariri juriya, amma a duba kada saiwarta ta nannaɗe a tukunya kamar gammo, domin irin wannan ce iska ke kayarwa bayan shekara goma. Ana yawan cusa tsirrai uku ko huɗu a tukunya ɗaya don ta yi kyan gani, sai a zaɓi mai ƙarfi a yanke sauran. Taki mai naitirojin a daina shi daga Yuli, kada a tunzura ta ta yi ɗanyen toho dab da sanyi. A shimfiɗa ɓawon itace a gindi mai kauri, ba tare da ya taɓa gangar jikin ba. Idan daga iri za a fara, a nemi sabo, don irin Araucaria da na kauri ba sa daɗewa da rai, kuma in da hali a nemi wanda aka tsinto daga tudu mafi tsawo. Wanda ya bar ta a tukunya a waje yana ganin ya yi dabara, ya sani saiwa ta fi ganye rauni a gaban sanyi, kuma tukunya daskarewa take yi ta kowane gefe.

Rufi na shekara uku ko huɗu na farko ne. A kafa sanduna a kewaye, a yafa yadin lambu mai shan iska ninki biyu har ƙasa, yadda zai tare ɗumin da ƙasa ke saki, kada ya taɓa ƙolin. Digiri biyu ko uku kawai yake ƙarawa, amma sau da yawa su ne tsakanin rai da mutuwa. Leda ba ta yi, gumi take tarawa, ga shi duk inda ta taɓa ganye nan sanyi ke shiga. Da sanyin ya wuce a yaye, domin bishiyar da aka ƙunshe wata uku a duhu da damshi ruɓewa take yi.

Idan aka tambaye ni, ga inda na tsaya. Bishiyar Norfolk a fili, sai wurin da teku ya kusa kewaye shi, inda tsofaffi ke iya ƙirga darare masu ƙanƙara da yatsun hannu, kuma ko a nan a dasa ta da sanin cewa wata shekara za a iya rasa ta. Ban ga laifin mai yin haka ba, shekara 25 na kallon irin wannan kyau ba asara ba ce. Abin da ba na so shi ne a sayar wa mutum ita da alkawarin da yanayinsa ba zai cika ba. Wanda ke ɗan nesa da gaɓa, Wollemi a kan tudu mai tsane ruwa da ƙasa mai ɗan tsami ta fi masa, ko Araucaria ta Barazil, wadda dasa ta ma taimako ne tunda sare daji ya kusa ƙarar da ita a gida. Mai son siffar dangin ba tare da fargaba ba, ga Araucaria araucana ta tsaunukan Cile da Ajantina, wadda masanin tsirrai Archibald Menzies ya kawo Ingila a 1795, tana jure kusan digiri 20 ƙasa da sifili, kuma sanyi-sanyi da hazo su ne abin da take so.

Ranar da mummunan daren ya zo, da safe ba za a ga komai ba. Bayan kwana biyu ko uku korenta zai dushe ya yi duhu kamar an zuba masa ruwan zafi, kan rassa ya sunkuya, cikin mako biyu ya koma ruwan ƙasa. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin ɗaukar almakashi, a daure. Matattun rassan nan suna kare na ƙarƙashinsu daga sanyin da ya rage, kuma ba a sanin iyakar ɓarnar sai ɗumi ya dawo. Kada a zuba taki, kada a ƙara ruwa. A jira har Yuni, sannan a kankare ɓawo kaɗan da farce, a fara daga sama ana saukowa. Inda aka tarar da kore mai damshi, nan rai ya tsaya, sai a yanke ɗan sama da wurin. Idan sababbin tsiro suka fito a kewayen yankan, a bar su su kai tsawon taƙi, a zaɓi wanda ya fi miƙewa, a ɗaure shi a jikin sanda da ƙyalle mai laushi, a cire sauran. Bayan shekara huɗu ko biyar gangar jikin za ta yi kauri ta haɗiye mafi yawan lanƙwasar, sai ɗan gwiwa da zai rage a daidai tsayin da bishiyar take a wancan hunturu.